Muryar Son Goku: tambayoyi da amsoshi kan yaron faɗan Dragon Ball da matar da take yi masa magana

Wanda ya saba kallon Dragon Ball da Turanci ko da Faransanci, ranar da ya fara jin sa da Japananci yakan yi turus. Ga ƙaton namiji mai ƙirar ƙarfi, damatsa sun cika hannun riga, amma muryar da ke fita daga bakinsa siririya ce mai kaifi. Daga nan tambayoyi suke farawa, kuma kusan iri ɗaya ne a bakin kowa. Ga waɗanda aka fi yi.

Wane ne Son Goku, kuma daga ina labarinsa ya fito?

Goku shi ne jarumin Dragon Ball, littafin zane irin na Japan da ake kira manga, wanda Akira Toriyama ya riƙa fitarwa mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1984 zuwa 1995. Babi 519 ne, aka tattara su a littattafai 42. Kamfanin Toei Animation ya mayar da shi katun, aka fara nuna shi a tashar Fuji TV a watan Fabrairun 1986.

Toriyama ya aro ƙashin bayan labarin ne daga wani tsohon littafin ƙasar Sin na ƙarni na 16, mai ba da labarin tafiyar wani malamin addinin Buddha zuwa yamma tare da sarkin birai Sun Wukong. Daga can Goku ya gaji sunansa, da jelar biri, da sandar da take miƙewa ta yi tsawo, da gajimaren da yake hawa. Salon faɗan kuma ya zo ne daga finafinan kunfu na Hong Kong, musamman na Jackie Chan, waɗanda Toriyama yake yawan kallo.

A farkon labarin Goku yaro ne ɗan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu, yana zaune shi kaɗai a kan dutsen Paozu bayan rasuwar tsohon da ya tsince shi ya rene shi, Son Gohan. Bai san kuɗi ba, bai taɓa ganin mota ba, bai ma taɓa ganin mace ba sai ranar da wata yarinya, Bulma, ta zo neman ƙwallon dodo mai taurari huɗu da tsohon ya bar masa, ɗaya daga ƙwallaye bakwai da ake tarawa a kira dodo mai biyan buƙata. Horon da ya samu wurin tsoho Kame Sennin ma ba na naushi ba ne da farko: rabon madara gida-gida a guje tun asuba, noma da hannu ba fartanya, duk yana ɗauke da ƙoƙon kunkuru mai nauyin kilo 20 a bayansa. Ya shiga babbar gasar faɗa sau biyu yana faɗuwa a wasan ƙarshe, sai a karo na uku ya ci. Wannan shi ne yaron da ake neman wanda zai yi masa murya a 1986.

Da gaske ne mace ce take yi masa murya?

Da gaske ne. Sunanta Masako Nozawa, an haife ta a Tokyo ranar 25 ga Oktoba, 1936. Shekarunta 49 lokacin da aka fara nuna Dragon Ball, kuma ba sabuwar hannu ba ce. Ita ce ta yi muryar Kitaro a GeGeGe no Kitaro na 1968, ta kuma yi Tetsuro a Galaxy Express 999 na 1978, duka biyun yara maza. Daga wasan kwaikwayo na dandamali ta fito, kamar yawancin tsararta, a zamanin da ɗora murya aikin gefe ne da 'yan wasa suke yi don samun na cefane. Toriyama da kansa ya saurari kaset na waɗanda suka zo gwaji, ya ce ita yake so.

Tun daga ranar ita ce Goku a Dragon Ball mai kashi 153, da Dragon Ball Z mai kashi 291, da shirye-shiryen da suka biyo baya, GT, da Kai, da Super, da Daima, da finafinan silima da wasannin bidiyo. A 2017 kundin Guinness ya rubuta sunanta a matsayin wadda ta fi kowa daɗewa tana yi wa hali ɗaya murya a wasannin bidiyo.

Me ya hana a ɗauko yaro na gaske ya yi muryar yaro?

Dalili na farko shi ne balaga. Yaron da aka ɗauka yana shekara goma sha ɗaya, kafin shekara biyu ko uku muryarsa ta fashe, shirin kuwa yana iya kai shekara goma ana fitar da shi duk mako. Muryar babbar mace ta riga ta zauna. One Piece ya fara a 1999, har yau Mayumi Tanaka ce Luffy. Detective Conan ya fara a 1996, har yau Minami Takayama ce Conan.

Na biyu, makaranta da dokar ƙwadago sun taƙaita lokacin da yaro zai yi aiki, ballantana da dare. Na uku, kuma shi ne babba a wurina, aikin ya fi ƙarfin yaro. Jarumin irin wannan labari yana kukan mutuwar amininsa a shafi ɗaya, ya yi ihun faɗa a shafi na gaba, ya dawo yana raha a kan abinci, duk a cikin zaman ɗauka guda, kuma dole kowace kalma ta faɗa daidai motsin bakin zane. Wannan sai wanda ya ƙware.

Al'adar ta tsufa. Katun na farko mai tsawon rabin awa da aka riƙa nunawa duk mako a talabijin ɗin Japan, Tetsuwan Atom na 1963, Mari Shimizu ce ta yi muryar yaron. Bayanta aka samu Rica Matsumoto a Satoshi na Pokémon daga 1997 zuwa 2023, da Junko Takeuchi a Naruto, da Romi Park a Edward Elric na Fullmetal Alchemist. Krillin, aminin Goku, shi ma Mayumi Tanaka ce. Wato duk wata hira tsakanin abokan nan biyu, mata biyu ne tsaye gaban makirfo.

Ba doka ba ce dai. A finafinan silima da ake ɗauka sau ɗaya a gama, akan sa yara na gaske, kamar yadda aka yi a Ponyo na 2008. Sannan a 'yan shekarun nan samari masu shekara goma sha huɗu zuwa sama an fi ba maza masu sassanyar murya: Natsuki Hanae shi ne Tanjiro na Demon Slayer, Daiki Yamashita shi ne Deku na My Hero Academia.

To, da Goku ya girma ya yi aure har ya haihu, me ya sa ba a ba namiji ba?

Nan ne mutane suka fi rabuwa, kuma nan ne nake ganin masu shirin sun yi daidai.

Girman Goku kansa sai da aka yi ja-in-ja a kansa. A wancan zamani ba a saba jarumin manga ya canza siffa ba, editan Toriyama, Kazuhiko Torishima, ya ji tsoron masu karatu za su watse. Toriyama ya dage, domin gajerun hannaye da ƙafafu suna ba shi wuya wurin zana faɗa. Da aka zo katun, aka bar Nozawa a wurinta. Ta ɗan sauke muryar ƙasa, ta ƙara mata nauyi, ta bar sauran yadda yake.

Abin da ya sa hakan ya zauna shi ne jikin Goku ne ya girma, halinsa yana nan. Har ya zama kaka, abin da ya dame shi bai wuce abinci da neman wanda ya fi shi ƙarfi ba. Bai iya gaisuwar manya ba, yana yi wa sarki magana yadda yake yi wa abokinsa. Nozawa ta ba shi karin harshen ƙauye, tana tauna wasu kalmomi tana gajarta su, kuma kalmar da yake kiran kansa da ita ta mutanen karkara ce, ɗan birni ba ya faɗin ta. Ɗan Japan da ya ji shi a tsakiyar faɗa da mugun abokin gabansa Freeza, yaron dutsen Paozu yake ji har yanzu. Toriyama ya sha bayyana cewa Goku yana faɗa ne don son gwada ƙarfinsa, kuma bai ji daɗin yadda katun yake mayar da shi gwarzon adalci a wasu wurare ba. Muryar Nozawa ta fi kusa da wannan Gokun na littafi: mai gaskiya, marar wayo, mai ɗan son kai irin na yara, wanda zai iya barin mugun abokin gaba ya tsira don kawai yana so su sake karawa.

Sannan idan fushi ya zo, siririyar muryar tana da amfaninta. A duniyar Namek, lokacin da Freeza ya kashe Krillin a gaban Goku, mai kallo ya shafe shekaru yana jin wannan murya tana dariya da roƙon ƙarin abinci. Jin ta ta koma sanyi da kaushi a karon farko shi ne yake sa tsigar jiki ta tashi, tun kafin gashin Goku ya koma ruwan zinariya, alamar sabon ƙarfin da fushin ya ba shi.

An ce ita ce kuma take yin 'ya'yansa. Yaya ake bambance su?

Ita ce Gohan, ɗansa na fari, da Goten, ƙaraminsu, da Bardock, mahaifinsa. Ita ce Turles a wani fim na 1990, ita ce Goku Black a Dragon Ball Super, dukansu abokan gaba ne masu kama da Goku.

Bambancin yana cikin tarbiyyar kowannensu fiye da kaurin murya. Gohan ya tashi a hannun uwa mai tsananin son karatu, don haka maganarsa mai ladabi ce, kalmominsa cikakku, yana ɗan jinkiri kafin ya buɗe baki. Goten sakakke ne, ɗan auta, maganarsa tana da shagwaɓa. Bardock sojan haya ne, muryarsa busasshiya. Goku Black kuwa yana magana a hankali da tsabtataccen harshe na mai girman kai, kuma wannan tsabtar ce take gaya wa mai saurare cewa wani ne daban a cikin jikin Goku. Abokan aikinta sun sha ba da labarin cewa idan uba da ɗa suna hira, takan yi su a ɗauka ɗaya, ta fita daga wannan ta shiga wancan ba tare da an tsayar da na'ura ba.

Wanda yake son jin wannan da kunnensa ya nemi ƙarshen faɗan Gohan da mugun nan Cell a Dragon Ball Z. Yaron yana tsaye da hannu ɗaya, ɗayan ya ji rauni, ya fidda rai, uban da ya riga ya mutu yana ƙarfafa shi daga can. Mai rawar murya da mai tsawar duka mutum ɗaya ce.

Yaya ake ɗaukar muryar a Japan?

Masu wannan sana'a ana kiran su seiyu, aikin kuma afureko, wato ɗora murya bayan an yi hoto. A Amurka an fi ɗaukar murya tukuna a zana baki a kanta, ko kuma, idan fassara ce, a shigar da kowane ɗan wasa shi kaɗai. A Japan bisa al'ada duk 'yan wasan kashin suna taruwa a ɗaki ɗaya. Ana jera makirfo uku ko huɗu a gaban allo, mutane kuwa suna iya kai goma sha biyar. Kowa yana riƙe da littafin wasan a hannu ɗaya. Idan layinka ya kusa, sai ka taso ka shiga makirfon da babu kowa, ka faɗi naka, ka ja da baya ka ba wani wuri. Duk wannan ba a yarda a ji takun ƙafa ko ƙarar buɗe shafi ba, shi ya sa suke zuwa da takalma masu taushi da tufafin da ba sa ƙara. Daraktan sauti yana bayan gilashi. Akan yi gwaji tukuna, ya yi gyare-gyare, sannan a ɗauka, sai a dawo a maimaita layukan da suka sami matsala.

Sau da yawa hoton ma bai kammala ba. Abin da ke kan allo zanen fensir ne, wani lokaci da sunan hali kawai yana bayyana yana ɓacewa don nuna lokacin magana. A haka ɗan wasa zai ƙiyasta nisan abokin faɗansa, da ƙarfin naushin da aka kai masa, ya fitar da nishin da ya dace. Ƙananan sautukan faɗa, su haki da gurnani da numfashin tsalle, yawancinsu ba a rubuce suke dalla-dalla ba, ɗan wasan ne yake cike su.

Annobar korona ta 2020 ta tilasta raba mutane zuwa ƙananan rukuni na biyu ko uku, kuma manyan 'yan wasa da yawa sun nuna damuwa cewa sababbi sun rasa damar koyo ta hanyar tsayawa a bayan na gaba da su.

Sana'ar tana da kuɗi?

Ga 'yan ƙalilan. Kuɗin katun na talabijin yana bin tsarin matsayi, kuma sabon shiga yana karɓar yen 15,000 a kan kashi ɗaya na rabin awa, ko layi ɗaya ya faɗa ko shi ne jarumi. Daga ciki kamfanin da ke wakiltarsa zai cire nasa kaso, a cire haraji. Matasa masu yawa suna biyan kuɗin makarantun horo irin su Aoni Juku, kaɗan ne suke samun kamfani ya ɗauke su, kuma cikin waɗanda aka ɗauka da yawa suna haɗawa da aikin kanti ko gidan abinci. Waɗanda suka yi suna sun fi samu daga wasannin bidiyo, da tallace-tallace, da karanta sharhin shirye-shiryen talabijin, da waƙa, da tarukan masoya. Tun 2007 ake ba da kyautar shekara-shekara ta Seiyu Awards.

Wanne ya fi, na Japananci ko fassara?

Kusan duk sauran ƙasashe sun raba aikin gida biyu. A Faransanci, wanda aka fara nunawa a 1988, Brigitte Lecordier ce yaron, Patrick Borg ne aka fi sani da babban. A Turancin Amurka Stephanie Nadolny ta yi yaron, Sean Schemmel yake yin babban tun 1999. A Meziko Laura Torres da Mario Castañeda ne, kuma a Latin Amurka mutane da yawa ba su san wani Goku ba sai na Castañeda. Fassarar Larabci da aka yi a Siriya aka nuna a tashar Spacetoon ta sauya sassa da dama na labarin don ya dace da masu kallonta.

Mu da muka saba da finafinan Indiya da ake fassarawa a Kano mun san yadda mai ɗora murya yake iya sake wa jarumi hali gaba ɗaya. Haka ya faru da Goku. A tsohuwar fassarar Amurka an ƙara masa jawabai na mai ceton duniya waɗanda babu su a asali, kaurin muryar namiji kuma ya ƙara tabbatar da wannan hoto. Wanda ya tashi da ita ba a raba shi da ita, kuma Schemmel ya yi aiki da gaske. Shawarata ita ce mutum ya fara da Dragon Ball na 1986 da Japananci, da rubutun fassara a ƙasa, tun Goku yana yaro. Idan ya biyo shi a hankali har ya girma, muryar ba za ta ba shi mamaki ba. Masu cewa ta yi musu banbaraƙwai yawanci daga tsakiyar Z suka shigo.

Ya dace a bar yara su kalla?

Kasancewarsa zane bai mai da shi na ƙananan yara ba. An yi shi ne don 'yan makaranta maza na Japan na shekarun 1980, da ma'aunin wancan wuri. Dragon Ball na 1986 yana da barkwancin batsa, musamman ta bakin tsoho Kame Sennin, da wuraren tsiraici. Z yana da jini da kisa da yanke gaɓoɓi. Akwai kuma abin da iyaye Musulmi da Kirista za su so su sani tun da wuri: labarin yana da halittun da ake kira alloli, da dodon da ake roƙo ya biya buƙata har ya tayar da matattu, da hoton lahira na tatsuniya. Dragon Ball Kai na 2009 ya rage jini da jan labari, amma waɗannan abubuwa suna nan. Uba ko uwa su fara kallo da kansu, idan sun yarda su zauna tare da yaron, su bayyana masa abin da yake ƙagaggen labari. Abin kirki a ciki shi ma yana da yawa: juriya a kan horo, girmama malami, da yadda abokan gaba irin su Piccolo da Vegeta suke komawa 'yan gida.

Wa zai gaje ta?

Dragon Ball ya riga ya rasa mutanensa da dama. Kohei Miyauchi, mai muryar Kame Sennin, ya rasu a 1995. Hiromi Tsuru, wadda ta yi Bulma tun kashin farko, ta rasu a watan Nuwamban 2017, Aya Hisakawa ta karɓa. Joji Yanami, mai ba da labari, ya rasu a 2021. Toriyama kansa ya rasu ranar 1 ga Maris, 2024, yana da shekara 68. A Japan akan sauya murya idan dole ta yi, wani lokaci ma a sauya kowa a lokaci guda, kamar yadda aka yi wa katun ɗin Doraemon a 2005, masu kallo suka yi ta ƙorafi kafin kunnensu ya saba.

Wasu suna cewa ƙirƙirarriyar basira za ta warware matsalar. A 2024 kamfanin da ke wakiltar Nozawa, Aoni Production, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin CoeFont don sarrafa muryoyin wasu 'yan wasansa, har da tata, zuwa wasu harsuna, amma suka ce ba za a yi amfani da su a wasan katun ko fassarar fim ba. A shekarar ce kuma wasu seiyu, cikinsu har da Ryusei Nakao mai muryar Freeza, suka fito da gangamin adawa da kwaikwayon muryoyinsu ba da izini ba. Ina tare da su. Na'ura tana iya kwafar amon Nozawa, amma shawarar inda Gohan zai yi jinkiri da inda Goku zai tauna kalma ita ta yanke ta a gaban makirfo, kashi bayan kashi, kuma duk wanda zai gaje ta sai ya iya yanke irin wannan shawara da kansa.

A Dragon Ball Daima, labari na ƙarshe da Toriyama ya rubuta, wanda aka fara nunawa a watan Oktoban 2024 aka gama a kashi 20, an mayar da jaruman yara ƙanana. Kusan dukkansu an ba su sababbin masu murya saboda haka. Goku an bar wa Nozawa, tana da shekara 87 a ranar da aka nuna kashin farko.